Ciwon da Aka Kasa Gane Kansa: Jagora ga Marar Lafiya da Masu Jinyarsa

Akwai gidajen da suka shekara biyu, biyar, har goma suna yawon asibiti da mutum ɗaya. An yi gwajin maleriya, an yi na taifot, an ƙara ruwa, an ƙara jini, an ɗauki hoto, kowane likita ya duba takardu ya ce bai ga komai ba. Alhali kowa yana gani: yaro ya wuce shekara biyu bai taka ba, ko yarinya kullum ƙarfinta raguwa yake, ko magidanci hannunsa ya fara rawa har ba ya iya riƙe cokali. Daga nan sai maganganu su fara fitowa. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce iska ce, wata ta ce daga dangin uwa aka kwaso.

Wasu daga cikin waɗannan bayin Allah suna ɗauke ne da cutukan da ba kasafai ake ganinsu ba. A Tarayyar Turai, cutar da ba ta kama fiye da mutum ɗaya cikin 2,000 ita ake sawa a wannan rukuni. A Amurka kuwa, dokar 1983 da gyaran da aka yi mata sun tsayar da ma'auni a kan cutar da masu ita ba su kai mutum 200,000 a ƙasar ba. Orphanet, rumbun bayanan da aka kafa a Faransa a 1997, ya tattara irinsu sama da 6,000. Binciken da ma'aikatansa suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 300 ke fama da su a duniya, kusan kashi 72 cikin 100 na cutukan daga ƙwayoyin gado suke, kuma kusan kashi 70 tun yarinta suke bayyana. Likita zai iya shekara talatin yana aiki bai taɓa cin karo da mafi yawansu ba, don haka rashin ganewar ba lallai sakaci ne ba. Ko a Turai, binciken EURORDIS, ƙungiyar masu fama da irin waɗannan cutuka, ya nuna cewa a matsakaici mutum yakan yi kusan shekara biyar kafin a faɗa masa sunan ciwonsa.

Abin da ya fi kai mutane ga amsa, a ganina, shi ne cikakken tarihin ciwo da aka tara wuri ɗaya, aka ajiye a gaban likita ɗaya da ya zauna ya yi tunani a kai. Na'ura mai tsada daga baya take zuwa. Kuma tara wannan tarihi aikin iyali ne, babu asibitin da zai yi muku shi.

Mataki na farko: ku buɗe littafin jinya

Ku sayi littafi mai bango mai ƙarfi da jakar ajiye takardu, ku ba mutum ɗaya a gidan amanarsu. Da Hausa, da ajami, da Turanci, duk wanda ya fi muku sauƙi ku rubuta.

Ku fara daga farko. Idan yaro ne, daga ciki: ko uwar ta yi ciwo ko zazzaɓi mai tsanani, wane magani ta sha, ko watannin sun cika, ko naƙuda ta daɗe, ko ya yi kuka da aka haife shi, ko ya yi shawara kuma kwana nawa ta yi. Sannan lokacin da ya fara murmushi, ya riƙe wuya, ya zauna, ya yi rarrafe, ya taka, ya furta kalma. Yaron da ya kai wata tara bai zauna ba, ko wata 18 bai taka ba, ya kamata likitan yara ya gan shi. Katin awo da na riga-kafi kada su ɓata, domin nauyi da girman kai da aka riƙa rubutawa a ciki hujja ce da ba za a sake samunta ba.

Akwai tambaya ɗaya da nake so ku tsaya a kanta sosai, domin ita ke raba hanya biyu: abin bai taɓa iyawa ba ne, ko ya iya sannan ya daina? Yaron da tun farko yake jinkiri amma yana ci gaba a hankali, daban yake da wanda ya yi tafiya ya yi magana sannan suka ɗauke. Na biyun yana nuna ciwo mai ci gaba da ɓarna, kuma yana buƙatar gaggawa. Iyaye da yawa sukan ce wa likita "ba ya tafiya" su yi shiru, ba su ambaci cewa ya yi wata shida yana tafiya da ƙafarsa ba.

Sai abin da ke tayar da ciwon da abin da ke kwantar da shi. Zazzaɓi? Daɗewa ba a ci abinci ba? Cin nama ko madara? Shiga rana? Gajiya? Al'ada? Da safe ya fi sauƙi ko da yamma? Kada ku raina ƙananan abubuwa irin su warin fitsari da ya sauya, launinsa, zubewar gashi, tabo a fata, yawan zufa.

Wayar hannu a nan babbar mataimakiya ce. Jijjiga, sanƙarewa, karkacewar ido, salon tafiya, duk ba sa jiran ranar ganin likita. Ku ɗauki bidiyo na minti ɗaya ko biyu cikin haske, fuska da hannuwa da ƙafafu duk su fito, wani yana kiran sunansa don a ga ko yana amsawa. Likitan ƙwaƙwalwa yakan bambanta farfaɗiya da abin da ya yi kama da ita daga irin wannan bidiyo.

Kowane sakamakon gwaji ku ɗauki hotonsa kafin a sa shi a folda, har wanda aka ce lafiya lau ne, don shi ma yana rufe wata ƙofa. Idan an yi hoton MRI ko CT, ku karɓi faifan hoton kansa, kada ku tsaya ga takardar bayani, saboda wani ƙwararren zai iya ganin abin da na farko bai gani ba. Idan an yanki tsoka an kai gwaji, ku tambayi inda aka ajiye ta, ana iya sake dubawa. A Nijeriya, kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da aka ƙaddamar a 2018 ya tabbatar da haƙƙin majinyaci na samun bayanan jinyarsa da kuma yi masa bayani da harshen da yake ji. Ku nema cikin ladabi, amma ku nema.

Magunguna ma a rubuta su duka: na asibiti, na kemis, jiƙo, turare, garin magani, da abin da ya biyo bayan kowanne. Ɓoye wa likita na gargajiya don kunya cutar kai ne, domin wasu saiwoyi suna taɓa hanta da ƙoda har su rikita sakamakon gwaji.

A ƙarshe ku roƙi wani ma'aikacin lafiya ya taƙaita muku duka a shafi ɗaya da Turanci, ko Faransanci idan a Nijar kuke. Likitan da ke da layin mutum hamsin a waje ba zai karanta littafi ba, shafi ɗaya kuwa zai karanta.

Mataki na biyu: ku binciki dangi har kakanni

Ku zana dangi hawa uku: marar lafiya da 'yan'uwansa har 'yan uba, iyaye da nasu 'yan'uwan, sannan kakanni. Masu wannan labari su ne tsofaffin mata, kaka da gwaggo da inna. Ku tambaye su a natse: wa ya yi ɓari da yawa, wa ta haifi jarirai suna komawa, wa ya rasu yana ƙarami da wane irin ciwo, wa ya makance ko ya kurmance da ƙuruciya, wa ya mutu farat ɗaya yana saurayi. Abin da muke kira wabi dalilansa suna da yawa, daga ciki akwai cutukan gado, kuma likita yana buƙatar jin labarin kowane yaro da ya koma.

Sikila ta riga ta koya mana yadda gado ke tafiya. Uba AS, uwa AS, dukansu lafiya lau, amma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Dubban cutukan da ba a san su ba haka suke bi. Kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, haihuwar ɗaya mai ciwo ba ta nufin ukun da ke biye sun tsira. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar uwa da uba su haɗu a kan ɓoyayyen abu iri ɗaya da suka gado daga kaka ɗaya. A tsakanin jama'a gaba ɗaya, jarirai biyu zuwa uku cikin 100 ake haifa da wata babbar matsala, a auren 'ya'yan wa da ƙani adadin yakan kusan ninkawa. Ke nan mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu ƙalau. Ba abin kunya ba ne, bayani ne da zai taƙaita wa likita hanya, don haka ku faɗa ko ba a tambaye ku ba.

Wasu cutukan kuma maza suke kamawa ta hanyar uwa. Idan yaro aka yi masa kaciya jini ya ƙi tsayawa, kuma akwai kawunsa da ya yi haka, hemofiliya za a fara tunani. Idan yaro namiji ɗan shekara uku zuwa biyar yana yawan faɗuwa, yana tafiya a kan yatsu, sha-raɓarsa ta yi ƙato, in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa cinyoyinsa, to a yi masa gwajin jini mai suna CK, wanda ba shi da tsada sosai, don duba cutar tsoka ta Duchenne.

Akwai kuma kashi na uku da mutane ba su cika sani ba: sauyin da ke faruwa sabo a jikin yaron, babu shi a uwa babu shi a uba. Cutar ƙwayoyin gado ce amma ba a gado ta daga kowa ba. Ina ambaton wannan ne saboda matan da ake gorantawa, wasu har aure ya mutu, kan abin da sau da yawa ko dai daga ɓangare biyu ya zo, ko kuma ba daga kowa ba.

Mataki na uku: a kawar da sanannun cutuka, a duba muhalli

Sanannen ciwo da ya zo da baƙuwar fuska ya fi baƙon ciwo yawa nesa ba kusa ba. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, ciki, ƙwaƙwalwa, ba tare da tari ba. Haka cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta, ciwon suga, ciwon ƙoda, sikila, tamowa da ƙarancin sinadaran abinci. Kafin a tafi nesa, ku tabbatar an duba waɗannan da kyau a ɗakin gwaji mai inganci.

Muhalli kuma kada a manta da shi. A farkon 2010, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maganin maleriya bai yi musu komai ba. Kafin yaran, agwagin garuruwan sun riga sun fara ƙarewa. Da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka gwada jini, sai aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Don haka ku tambayi kanku: akwai yaran maƙwabta masu irin wannan? Dabbobi fa? Wace sana'a ake yi a gidan, haƙar ma'adinai, gyaran batir, fenti, feshin maganin ƙwari? Daga ina ake ɗebo ruwan sha? Wani tozalin yana ɗauke da dalma, wasu mayukan bilicin kuma suna ɗauke da sinadaran da ke lalata ƙoda. Idan mutanen da ba dangi ba suka kamu a wuri ɗaya, a sanar da hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma nan take.

Mataki na huɗu: likita ɗaya, babban asibiti ɗaya

Nan ne mafi yawan iyalai suke yin asara. Wata uku a wannan asibiti, ba a ga sauƙi ba, a koma wancan, a sake kati, a sake gwajin da aka riga aka yi. Kamar mai haƙa rijiya ne da duk ya kai gaba biyu sai ya bar ramin ya fara wani. Cutuka da yawa sai da tafiyar lokaci suke bayyana kansu, kuma wanda ya ga majinyaci bara ya gan shi bana shi ke lura da sauyin.

Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa: na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos, ko babban asibitin ƙasa da ke Abuja. A Nijar, manyan asibitocin Yamai, Maraɗi da Damagaram. Can ne ake samun ƙwararrun fanni-fanni a wuri ɗaya, kuma suna zaman tattauna majinyatan da suka gagara. A cikinsu ku tsayar da babban likita guda a matsayin mai riƙe da zaren, duk inda aka tura ku, ido, zuciya, ƙwaƙwalwa, ku dawo masa da sakamako. Neman ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne, amma ku tafi da jakarku, ku dawo wa na farko da abin da aka ce.

Ranar ganin likita, wanda ya fi zama da majinyaci shi ya kamata ya yi bayani. Sau da yawa uwa ce ta san komai amma uba ke magana tana gefe. Ku tafi da tambayoyi a rubuce: Likita, me kuke zargi? Me aka riga aka tabbatar ba shi ba ne? Wannan gwajin idan ya fito, me zai sauya a magani? Wace alama ce idan mun gani mu garzayo ba jiran ranar dawowa?

Tambaya mafi tsada ita ce: a cikin abubuwan da kuke zargi, wanne ne yake da magani? A fara da su, domin jinkiri a kansu shi ne ɓarnar da ba ta gyaruwa. Jaririn da shawararsa ta daɗe, yana yawan barci, ba ya bayan gida sosai, harshensa ya yi kauri, zai iya zama ƙarancin sinadarin tayiroyid ne, wanda wata gaɓa a wuya ke samarwa, gwajin jini ɗaya ke nunawa, ƙwaya ɗaya kullum ke tsare ƙwaƙwalwarsa idan an fara da wuri. Akwai jijjigar jarirai da ba ta jin maganin farfaɗiya amma tana tsayawa da bitamin B6. Akwai yaran da ake ɗauka tangarɗar ƙwaƙwalwa ce daga haihuwa, alhali da safe suna tafiya, da yamma ƙafa ta murɗe, kuma ɗan ƙaramin awo na maganin lebodofa yakan tayar da su. Matashi mai ciwon hanta haɗe da rawar hannu ko sauyin hali, a duba cutar Wilson, wadda jan ƙarfe ke taruwa a jiki, likitan ido yakan hango zobensa a gefen baƙin ido. Wanda fatar idonsa ke saukowa da yamma, tauna da haɗiya suna gajiyar da shi, a duba mayasteniya, wata cuta mai raunana tsoka. Duk waɗannan likita ne zai gwada, ba abin saya a kemis ba ne.

Akwai ɗaya da ya kamata mutanenmu su sani musamman. A 2007 likita Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana wani kumburin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ke haddasawa, wanda ya fi kama 'yan mata da matasa. Mai lafiya ƙalau cikin 'yan makonni sai ta daina barci, ta riƙa sambatu da gane-gane, baki yana motsi shi kaɗai, sai jijjiga, sai ta daina magana. Duk wanda ya gani zai ce aljanu ne. Da ruwan ƙashin baya ake gano shi, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa magani da wuri suna samun sauƙi sosai. Ba na ce a bar addu'a ko ruƙiyya ba, ana yin su a gefen gadon asibiti. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi wata biyu a ɗaki ana turare ba likitan da ya gani.

Mataki na biyar: gwajin ƙwayoyin gado

Idan an bi duk wannan ba a samu ba, kuma alamu suna nuni ga gado, sai a yi maganar gwajin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki. Iri-iri ne. Akwai mai ƙirga kuromozom 46, wato ƙullin DNA da ke cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam, ya ga ko akwai ƙari ko ragi. Akwai mai duba rukunin ƙwayoyin gado na ciwo guda, misali na farfaɗiya ko na tsoka. Akwai ekzom, mai karanta ƙwayoyin gado kusan 20,000, waɗanda ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin 100 na DNA ba amma a cikinsu aka fi samun sanannun kurakurai. Sai jinom mai karanta kusan komai. Galibi ƙasar waje ake aika samfurin, jini a kwalba ko busasshen ɗigo a kan takarda ta musamman, ba sai majinyaci ya yi tafiya ba. Gwada yaro tare da uwa da uba ya fi ba da amsa. A bi ta hannun likita, domin ɗakin gwajin da bayanin alamun yake tace sakamako, kuma gwajin da ake tallatawa na sanin asalin ƙabila ba shi da amfani a nan.

Ku shiga da sanin iyakarsa. Cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta buɗe shirin cutukan da aka kasa ganewa a 2008 ƙarƙashin likita William Gahl, daga baya ya zama haɗakar asibitoci. A rahoton da suka fitar a 2018, cikin mutum 382 da aka yi wa cikakken bincike, 132 aka gano ciwonsu, wato kashi 35 cikin 100. A Ingila, rahoton 2021 na shirin karanta jinom 100,000 ya samu amsa ga kashi 25. Idan can da kayan aikinsu haka abin yake, to wanda zai sayar da gona ya yi wannan gwaji ya san cewa dawowa hannu rabbana ta fi yiwuwa.

Sakamako uku ne. Ko a samu dalilin, ko a ce ba a ga komai ba, ko a ce an ga wani sauyi amma ba a san ko shi ne mai laifi ba. Na ukun ya fi yawa a wurin 'yan Afirka, saboda rumbunan da ake kwatantawa da su jinin Turawa ya fi yawa a ciki, sai abin da yake gama-gari a wurinmu ya zama baƙo a wurinsu. Kada a yanke hukuncin aure, haihuwa ko tiyata a kan irin wannan sakamako. "Ba a ga komai ba" kuma ba ya nufin ciwon ba na gado ba ne. Ku nemi a ba ku ainihin bayanan da na'ura ta karanta, ku ajiye, ku tambayi ko ɗakin gwajin yana sake nazari bayan shekara ɗaya ko biyu. Duk shekara ana gano sababbin cutuka, kuma mutane da dama a nazari na biyu suka samu suna ba tare da an sake ɗibar jini ba.

Likitanku zai iya sa bayanin a dandalin GeneMatcher, inda likitocin duniya ke neman majinyata masu sauyi iri ɗaya, ko ya tuntuɓi UDNI, haɗakar ƙasa da ƙasa kan cutukan da aka kasa ganewa, da aka kafa a 2014. Idan an gayyace ku bincike na jami'a, sau da yawa gwajin kyauta ne, amma kafin sa hannu ku tambaya ko za a dawo muku da sakamako.

Batun fita Indiya, Masar ko Saudiyya: ku fara aika shafin taƙaitawa da hotuna, ku samu amsa a rubuce daga likitan fannin, ba daga dillali ba, cewa ga abin da za su yi wanda ba a yi a gida ba.

Mataki na shida: rayuwa ba ta jiran suna

Ko ba a san sunan ciwo ba, ana maganin abin da yake haifarwa. Jijjiga tana da magani, zafi yana da magani, gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓi, yana hana su sanƙarewa, kuma da wuri aka fi cin amfaninsa. Ku sa ma'aikacin sashen gashi ya koya muku abin da za ku riƙa yi a gida kullum. Wanda yake ƙwarewa in yana ci, a zaunar da shi tsaye, a kaurara abin sha, kada a yi masa ɗura, domin abincin da ya bi hanyar iska shi ke kawo ciwon huhu. Wanda ke kwance a riƙa juya shi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. Riga-kafi a ci gaba da shi sai idan likita ya hana. A sa a duba ji da gani, yara da yawa rashin ji ne ya hana su magana.

In jijjiga ta tashi, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a duba agogo. Ba a sa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko manja, ba a kara ƙafa a wuta. Ta wuce minti biyar, asibiti. Ku sa likita ya rubuta muku takardar gaggawa mai bayanin magungunan da yake sha, waɗanda ba sa karɓarsa, da abin da za a yi masa idan an kawo shi cikin dare. Wanda yunwa ke tayar masa da ciwo, a tambayi likita kafin azumi, shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame.

Ku kiyayi firednisolon da deksametazon na kemis. Suna sa a ji daɗin jiki na ɗan lokaci, fuska ta ciko a ce an murmure, alhali suna ɓoye alamun da likita ke nema, suna tayar da suga da hawan jini, suna cinye ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya daina farat ɗaya, sai an rage masa a hankali. Haka duk mai cewa maganinsa yana warkar da kowace cuta, ko mai neman kuɗi masu yawa kafin ya ga majinyaci, kuɗinku yake so.

Kuɗi dai za su tafi, sai a tsara tafiyarsu. Ku yi rajistar inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya, ku nemi ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti, kuma idan dangi za su taimaka, ɗan abin da za a riƙa bayarwa duk wata don magani da mota ya fi tarin kuɗi na rana ɗaya. Yaron da zai iya zuwa makaranta a kai shi, ko da rabin yini. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba shi wannan haƙƙi a Nijeriya.

Mai jinya ita ma mutum ce. A raba kwana, a ba ta ranar hutu, in ta daina barci ko cin abinci ko kullum kuka, ita ma a kai ta ga likita. Sauran yaran gidan a yi musu bayani daidai hankalinsu, kuma a gaya musu ba ya yaɗuwa idan likita ya tabbatar da haka.

Abu biyu masu nauyin faɗa

Idan kuna son sake haihuwa, ku zauna da likita tun kafin ciki. Ko babu suna, daga zanen dangi zai iya ƙiyasta yiwuwar maimaituwa, ya shirya inda za a haihu da gwajin da za a yi wa jariri a kwanakin farko. Masu shirin aure daga irin wannan dangi su ma wannan zaman ya shafe su.

Na biyu, idan jiki ya yi tsanani har ana tsoron rai. Mu da wuri muke yin jana'iza, kuma iyalai kaɗan ne ke yarda a binciki gawa. Amma ɗan jini kaɗan da aka ɗiba tun da rai, aka ware DNA aka daskarar, ko aka busar a takardar gwaji, yana iya shekaru ana amfani da shi. Ku roƙi likita ya yi wannan, ku rubuta a littafin jinya ɗakin gwajin da aka ajiye shi da lambar samfurin. Da shi za a iya gano abin da ya faru daga baya, a duba ƙannensa da wuri, a kuma san abin da za a gwada a ciki na gaba.